Kada Hidimar Kirsimeti Ta Cinye Mana Jari

Jawabin da wakiliyar mata 'yan kasuwa ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a Jos

 

Muna yi wa Allah godiya da ya sake nuna mana wannan rana. Waɗanda muka fara tafiyar nan tare, yau ba su cikinmu, Allah ya ji ƙansu, ya raya abin da suka bari.

Da kwamitin shirya taro ya ce ɓangaren 'yan kasuwa su kawo jawabi, sai muka zauna, mu na Farin Gada da na Katako da na Taminus da na Bukuru, muka tambayi juna: wace magana ce ta fi damunmu? Bakinmu ya zo ɗaya, watan Disamba. Bikinmu na ƙungiya yana faɗowa ne ana saura 'yan makonni Kirsimeti, kuma Ma'aji tana nan, ba za ta bar mu mu yi ƙarya ba. Watan da muka fi ciniki a shekara shi ne watan da zubi ya fi tsayawa, shi ne watan da taro ba ya cika. Da an shiga Janairu kuma, takardun neman rance sun fi na kowane wata yawa. Ta yaya mace za ta yi ciniki kamar ba gobe, sannan bayan mako uku ta zo neman rancen da za ta sake buɗe tebur? Abin da muka zo mu tattauna ke nan.

Bari mu fara da yadda kwanakin suke, don mazajenmu da 'ya'yanmu su ji da kunnensu.

Mai kayan miya ƙarfe huɗu na asuba take tashi, a sanyin Jos ɗin nan da ruwan randa ke komawa kamar ƙanƙara. Kafin gari ya waye tana Farin Gada, tana kokawa da dillalai masu lodin kabeji da karas da koren wake da tumatir zuwa Legas da Fatakwal da Anaca, domin a can ma hidimar ake yi, kuma su da mota suke saye, mu da kwando. Mai dankalin Turawa tana hanyar Bokkos ko Mangu. Mai atamfa da takalman yara a Taminus, ba ta da damar zama ta ci abinci, a tsaye take kurɓar kunu. Tela ta daina kwana tun farkon wata, tana ɗinki tana addu'a kada a ɗauke wuta. Mai kitso kuwa, ranar 24 ga wata har tsakar dare akwai kai a kan cinyarta.

A tashi kasuwa kuma ba hutu ba ne. Akwai bikin godiyar kaka a coci, akwai taron rufe shekara na Zumuntar Mata, akwai koyon waƙoƙi da yamma, akwai bikin rufe makarantar yara. Kowace Asabar da aure, wata Asabar ɗin ma biyu ko uku, domin lokacin ne 'yan'uwa na nesa suke gida. 'Yan'uwanmu Musulmi su ma a wannan hutun makaranta suke yawan sa ranar biki, saboda haka katin gayyata ta ko'ina yake zuwa mana. Daren 24 ana suyar cincin da nama. Ranar 25 a tafi sujada, a dawo a yi ta zuba abinci har dare. Ranar 26 ziyara. Tsakanin nan da ƙarshen wata akwai taron gida a ƙauye, akwai taron ƙabila. Daren 31 a kwana a coci, ranar 1 ga Janairu a sake ɗora tukunya. Wa ke riƙe da dukan wannan? Mu ne.

Kada a ɗauka kuka muke yi. Muna son lokacin nan. Lokacin ne ɗan da ke karatu a Zariya ko mai aiki a Abuja yake dawowa, gida ya cika, a ji hayaniyar jikoki. Lokacin ne waɗanda suka yi shekara ba su gaisa ba suke zama a tabarma ɗaya. Zumunci a ƙafa yake, kuma ba mu ce a daina ba. Abin da muke cewa shi ne, a cikin wannan gudu da kai-komo akwai abin da ke sulalewa ba mu lura, wato jari.

Mu ɗauki misali, kowa ta bi mu da lissafi. Mace tana da jarin Naira 150,000, tana sayar da man gyaɗa, tumatirin gwangwani, Maggi da su kori. Disamba ta yi mata kyau, ta ci ribar Naira 45,000. Madalla. To, ga anko biyu, Naira 24,000. Ga yadi da ɗinkin yara, 20,000. Ga kaji biyu, 24,000. Ga kuɗin mota zuwa ƙauye da dawowa, 18,000. Ga gudummawar biki nan da can, 10,000. An tashi Naira 96,000. Riba 45,000 ce, saura 51,000 daga ina ta fito? Daga cikin jari. Sannan akwai masu cewa “Mama, ba ni, da an yi albashi zan kawo,” sun kwashi kayan Naira 30,000. Ranar 2 ga Janairu matar nan ta buɗe jakarta, Naira 69,000 ce a hannunta. Ba ɓarawo ya shiga mata ba, ba gobara ta yi ba. Ba ta ma yi almubazzaranci ba, duk abin da ta saya abin hidima ne. Amma fiye da rabin jarinta ba ya hannunta, ga kuɗin makaranta na zango na biyu yana jira, ga mai gida yana maganar haya, ga kasuwar Janairu da kowa ya san yadda take mutuwa.

Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Mu ba wawaye ba ne, mata ne masu kunya, kuma kunyar ce take cin mu. Kunyar a ce ba ki yi anko ba. Kunyar hana abokin ciniki bashi ana gab da biki. Kunyar shiga ƙauye hannu biyu. Kunyar a ce yaran maƙwabta sun sa sabo, naki sun maimaita na bara.

Ramukan da kuɗin ke bi guda huɗu ne, kuma yana da kyau mu kira su da sunansu.

Na farko, haɗa kuɗin ciniki da kuɗin cefane a jaka ɗaya. Idan ciniki ya buɗe, jaka ta yi nauyi, sai ido ya ɗauka duk namu ne. Alhali mafi yawan abin da ke ciki kuɗin sayo kayan gobe ne.

Na biyu, bashin da muke bayarwa. Wanda ya karɓi kaya ranar 22 ga Disamba, albashinsa ya riga ya ƙare kafin ya shigo hannunsa. A Janairu shi ma kuɗin makaranta yake nema. Sai ki ga ya canja hanya, ya koma saye a teburin wata. Kin rasa kuɗi, kin rasa abokin ciniki.

Na uku, kayan da suke kwantawa. Hular Kirsimeti da fitilun ado da rigunan yara masu kyalli, ranar 26 ba mai tambayarsu. Kabeji da tumatir kuma ba sa jira, kwana kaɗan sun ruɓe. Wadda ta yi sari da yawa a makon ƙarshe don ta ga ana rububi, ita ce ke zubar da kaya a bola ko ta karyar da su.

Na huɗu, bashin da mu muke ci. Bankunan nan masu karɓa mako-mako, da masu ba da rance ta waya, a Disamba suka fi zaƙin baki. Rancen da aka ci don sari, ciniki ne zai biya shi. Rancen da aka ci don kaza da atamfa, me zai biya shi? Kaza ta shiga ciki, atamfa tana akwati, mai karɓa kuma yana bakin tebur kowace Litinin.

Shekarun baya-bayan nan sun koya mana darasi, kada mu manta. A ranar 15 ga Disamba, 2022 aka fito da sababbin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ƙarshen Janairun 2023. Kun tuna yadda muka wuni a layin banki, yadda muka sayi kuɗi da kuɗi a hannun masu POS, yadda kayan miya suka lalace don ba mai tsaba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 nan take, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, kuɗin mota da na dakon kaya suka bi ta. A ƙarshen 2024 ɗin nan buhun shinkafa mai kilo 50 ya tasam ma Naira 100,000 a wasu kasuwanni, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a shekarar Naira 70,000 ne. Wato ma'aikaci ya yi aikin wata guda cur, albashinsa bai sayi buhu ɗaya ba. A duk waɗannan shekaru, matan da suka tsaya da ƙafafunsu su ne waɗanda suka shiga sabuwar shekara da jarinsu cikakke. Wadda ta shiga da rabin jari, da farashi ya tashi sai rabin ya koma kwata.

A nan ne muke son mu yi wa malamanmu na ajin yaƙi da jahilci godiya ta musamman. Da yawanmu sai da muka aurar da 'ya'ya sannan muka riƙe fensir. A da, lissafinmu a ka yake, kuma a watan Disamba kan mace ɗauke yake da abu ɗari. Yanzu littafin rubutu na 'yan firamare ya ishe mu. Shafi ɗaya na sari, abin da muka sayo da kuɗinsa har da na mota da na ɗan dako. Shafi ɗaya na ciniki, abin da ya shigo kullum. Shafi ɗaya na bashi, suna da kwanan wata da adadi. Idan mai bashi ya ga kin buɗe littafi kin rubuta sunansa a gabansa, maganar ta canja, ba sauran “ai na ɗauka dubu biyu ce.” Karatun nan kuma shi ke sa mu duba waya da kanmu idan an ce an yi mana tiransifa. A cikin rububin Disamba ne masu alat na ƙarya suke yawo, su nuna miki fuskar wayarsu su ɗauki kaya. Kada ki saki kaya sai kin ga kuɗi ya shiga naki asusun, ko da layi ya kai titi. Muna roƙon 'yan aji, kada mu ce Disamba ba lokacin zuwa aji. Ko sau ɗaya a mako ne mu leƙa, mu zo da littafin cinikinmu malama ta duba mana.

Yanzu ga shawarwarin da ɓangarenmu ya kawo wa ƙungiya, a duba su a taro na gaba.

Ɗaya, sayen haɗin gwiwa. Maimakon mace ashirin kowa ta je ta auni mudu biyar a makon Kirsimeti lokacin da farashi ya hau, ƙungiya ta tara kuɗi tun kaka ta sayi buhunan shinkafa da jarkokin mai a sari, a raba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bana mun ɗan makara, amma abin da ya samu a yi, baɗi kuma a fara tun watan Satumba.

Biyu, watanda. A haɗa kuɗi a sayi sa ɗaya, a kasa kashi-kashi. Kashin watanda ya fi naman da za ki saya a tebur da kuɗi ɗaya, kuma a ba mahauci Musulmi ya yanka, don kowace 'yar ƙungiya da maƙwabtanta su ci ba shakka.

Uku, asusun Janairu. Daga 1 ga Disamba zuwa 24, kowace mace ta riƙa ajiye wani abu kullum a wurin Ma'aji, ko Naira 500 ce. Sharaɗin shi ne ba a taɓawa sai makarantu sun koma. Ko kin zo da hawaye ranar 23, Ma'aji ta ba ki haƙuri da ruwan sha. Naira 500 sau 24, Naira 12,000 ke nan, wadda ta iya 1,000 ta tashi da 24,000. Wannan kuɗin littattafai ne da takalmin makaranta, ba tare da an taɓa tebur ba.

Huɗu, mu sa wa anko da gudummawa iyaka a tsakaninmu. Idan 'yar ƙungiya tana biki, atamfar ƙungiya da muke da ita ta isa. Ga ta nan a jikinmu yau, wa ya ce ba mu yi kyau ba? Gudummawa kuma a tsayar da adadi ɗaya, a bayar da sunan ƙungiya. Idan doka ce ta ƙungiya, kunya ta sauka daga kan kowa, mai shi da mara shi duk ɗaya.

Biyar, taimakon gwauraye da marayu da waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a daren jajiberin Kirsimetin 2023 ba, akwai iyalan da har yau wannan lokaci na makoki ne a wurinsu. A ware musu rabo tun wurin sayen haɗin gwiwa. Amma a kai musu har gida, cikin sutura, mata biyu-biyu. Kada a yi shela, kada a sa mutane layi. A Disambar 2024, cikin mako ɗaya, mutane fiye da 60 suka mutu a turmutsutsun rabon abinci da kyauta a Ibadan da Abuja da Okija ta jihar Anambra, da yawansu yara da mata. Yunwa ce ta kai su. Alherin da za mu yi kada ya zama sanadin wulaƙanci ko asarar rai.

Sai maganar jiki, domin shi ma jari ne. Macen da ta yi mako uku tana barcin awa huɗu, ga sanyi ga ƙurar hunturu, tana tsaye a kan wuta da hayaƙi, a Janairu asibiti za ta kai ribar. Masu hawan jini da ciwon suga, kada hidima ta sa a manta da magani. Iyayenmu mata, ku yi mana faɗa idan kun ga mun wuce gona da iri.

Mazajenmu, ranku ya daɗe, muna da roƙo. Ku zauna da mu tun farkon wata a yi lissafin hidima tare, a san abin da Baba zai kawo da abin da Mama za ta kawo. Kada a bari sai ranar 23 a ce “ki ɗan ara daga na kasuwa, zan mayar.” Mun san niyyarku mai kyau ce, amma kuɗin kasuwa idan ya fita da wuya ya ga hanyar dawowa. Kuma idan kun gayyato abokai goma, ku faɗa mana da wuri.

'Ya'yanmu, ku ma ku ji. Hutu kuka samu, mu ba mu samu ba. 'Yan maza, ɗebo ruwa da faskare da figar kaji ba ya rage wa namiji komai. 'Yan mata, ku karɓe mu a tebur ko na awa biyu ne mu miƙe baya. Waɗanda suka yi karatu, ku duba mana littafin ciniki da dare. Idan Mama ta ce bana rigar bara za a goge, ba ƙiyayya ba ce, kuɗin jarrabawarku take karewa. Wasan nokawut kuma ku rage, a garin da ya sha jin ƙarar da ba ta wasa ba, tsofaffi da masu ciwon zuciya ba sa jin daɗinsa.

Mu kula da wuta. Hunturu ne, komai a bushe yake. Duk wanda ya san babbar kasuwar Taminus kafin gobarar 2002 ya san abin da dare ɗaya zai iya yi wa dukiyar shekara ashirin. Kafin a rufe shago a kashe soket, a kashe garwashi, a cire cajar waya. Masu tafiya ƙauye kuma a yi sammako, kada a shiga motar da aka yi wa lodin wuce kima don kawai ana sauri.

Akwai abu ɗaya da ba mu so tsimin kuɗi ya taɓa, shi ne kwanon maƙwabta. A ƙungiyar nan akwai Kirista akwai Musulmi, kuma mun san abin da garin nan ya gani a 2001 da 2008 da 2010, har unguwanni suka rabu. Duk da haka a kasuwa teburinmu na jikin juna. Ranar da 'yar'uwa Kirista ta tafi koyon waƙa, Hajiya ce ke tsare mata tebur. Ranar Sallah, Maman Zumunta ce ke tsare na Hajiya. Kwanon shinkafa da cincin da ke fita daga gidan Kirista ranar 25, shi ne yake dawowa da naman layya da Babbar Sallah. Ko an rage kaji daga biyu zuwa ɗaya, ko shinkafar ta koma gwaten acca, a zuba na maƙwabta tukuna. A aiki yara su kai, don su ma su san hanyar gidajen juna.

'Yan'uwa mata, Kirsimeti ranar tunawa da haihuwar Yesu Almasihu ce, kuma labarin da ake karanta mana kowace shekara ya nuna ba a gidan masu kuɗi aka haife shi ba. Ba wanda zai ce sujadarki ba ta karɓu ba don atamfarki ta bara ce. Mu yi hidima daidai ƙarfinmu, mu ci mu sha mu ziyarci juna, amma kuɗin sari ya kwana a wurinsa. Burinmu shi ne a taron farko na Janairu, Ma'aji ta buɗe littafi ta ga zubi ya cika, takardun rance kuma na masu son ƙara jari ne.

Allah ya kai mu lokacin lafiya, ya tsare matafiya, ya sa albarka a kasuwa, ya ba Filato da Nijeriya zaman lafiya. Masu bikin Kirsimeti, barkanmu tun yanzu. Allah ya maimaita mana, ya ƙara wa ƙungiyarmu shekaru masu albarka.